Layin Maraɗi da Shanyar Cittar Mama

Tun da muka dawo daga Maraɗi bakina bai huta ba. A ɗakin malamai tambaya, a ƙofar coci bayan sujada tambaya, har mai faci na bakin tasha sai da ya riƙe mini keke ya ce ba zai sake shi ba sai na gaya masa ko gaskiya ne Dogo Bulus ya jefa ƙwallo daga tsakiyar fili. Ba daga tsakiyar fili ba ne, amma ban ga laifin masu ƙara gishiri ba. Yanzu da shekara ta juyo na ga gara in zauna in rubuta yadda abin ya faru, duk wanda ya sake tare ni in miƙa masa ya karanta, ni kuma in samu in sha ruwa.

Sunana Ishaya, ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a nan Kafanchan. Shekara da shekaru ina zana wa yara taswirar Nijar a allo, alhali ƙafata ba ta taɓa wuce Zariya ba. Da yamma kuma ni ne mafi gajarta a ƙungiyar ƙwallon kwando ta unguwar reluwe, aikina in kawo ƙwallo in raba wa masu tsawo. Filinmu tsohon siminti ne a bayan kwatas, duk ya tsattsage, in jirgin Fatakwal ya wuce sai allon kwandon ya yi ta rawa.

Mai horar da mu Koci Okoro ne, Ibo, tsohon ma'aikacin reluwe, amma a nan aka yanke masa cibiya, Hausarsa ta fi ta da yawa daga cikinmu. Mutum ne mai kirki da taurin kai daidai wa daida. Aƙidarsa ɗaya ce, kuma mun haddace ta: "Dogo na ƙarƙashin kwando ne. Ubangiji bai ba mutum tsawo don ya je can nesa yana jifa kamar mai kaɗo mangwaro ba." Da labari ya zo cewa yanzu an zana wani layi mai lanƙwasa a filayen wasa, wanda ya jefa daga bayansa ya ci maki uku maimakon biyu, Koci ya ce wannan layin ragwaye ne, fentinsa ba zai taɓa siminti ba muddin yana numfashi. Saboda haka a filinmu ko daga kan layin jirgi ka jefo, maki biyu ne.

Wanda wannan doka ta fi ci shi ne Bulus. Ɗan Fadan Kagoma ne, yana koyon walda a gari, tsawonsa har tsoro yake ba baƙo, amma siriri ne, kuma ba shi da zuciyar ture mutum. A ƙarƙashin kwando duk mai ƙiba sai ya tunkuɗe shi da kafaɗa, ya kuma ce masa sannu. Sai in Koci ya hau babur ya tafi, rana ta yi ja, Bulus ya ja baya can wajen bishiyar dalbejiya ya fara jifa. Mu sai mu zauna a ƙasa muna kwance igiyar takalmanmu na kambas muna kallo. Ƙwallon yakan tashi sama sosai, ya yi kamar ya manta da mu, sannan ya sauko cikin zobe ba tare da ya taɓa ƙarfe ba.

A daminar da ta gabaci tafiyarmu babansa ya rasu. Mamarsa kuma yanar ido ta fara rufe mata gani, shi kaɗai ne namiji a gidan, ga gonar citta tana jira. Ya riga ya gaya wa ogansa na walda cewa kafin ruwan farko ya sauka zai koma gida gaba ɗaya. Ana cikin haka ne Alhaji Sani mai sayen citta, wanda ke kai kaya Maraɗi, ya kawo gayyata daga wani surukinsa malamin makaranta a can, cewa mu je wasan sada zumunci a hutun Ista. Aka tambayi Alhaji ko filinsu yana da layin nan. Ya ce shi bai san sunansa ba, amma ya ga wani farin zane kamar bakan gizo a ƙasa. Tun ranar Bulus bai sake zama daidai ba.

Ya same ni a gida ana gobe za mu tashi, ya sunkuyo ya shigo, ya ƙi zama.

"Malam, roƙo ɗaya nake da shi. Wannan ne wasana na ƙarshe. Sau ɗaya kawai, ka ba ni bol a bayan layin nan. Ina so in san yadda uku yake."

Na ce masa Koci zai cinye ni ɗanye. Ya ce ya sani. Na dubi wannan dogon mutum yana murɗa hularsa a hannu, tausayinsa ya kama ni ƙwarai, na ce to, na ji.

Mun tashi da sassafe a bas ɗin Alhaji. Fastonmu ya yi addu'a, baban ɗan wasanmu na gefe, Garba, shi ma ya shafa fatiha, don haka ta kowane ɓangare an rufe mu. Sharaɗin Alhaji shi ne rabin motar na buhunan citta ne. Ƙafafun Bulus suka ƙi shiga tsakanin kujeru, aka gwada ta nan aka gwada ta can, ƙarshe direba ya ce ya hau kan buhuna ya kwanta. Ni ma aka cusa ni kusa da shi tare da ragar ƙwallaye, wai ba na cin wuri. Kafin mu kai Zonkwa ƙamshin citta ya shiga rigunanmu, ya shiga hanci, kowa sai atishawa. Bayan Kachiya atishawar ta lafa, sai wani irin lumshe ido ya sauko mana, mota tana lilo, duwatsu suna wucewa ta taga a hankali.

A nan ne na tambaye shi inda ya koyi wannan jifa, tunda ba Koci ne ya koya masa ba.

"Mama ne ya koya mini," in ji shi, "amma bai sani ba."

Ya ce tun yana firamare babansa ya ɗaure masa tsohon kwandon kaba a reshen mangwaron gidansu, kwando na gaske mai gindi, wanda in ƙwallo ya shiga sai ya zauna. To lokacin da ake da hutu a samu damar wasa, lokacin ne kuma na tsaga citta. Mama da matan gidan sukan tsaga ta su baza a tsakar gida, a gaban mangwaron inda rana take bugawa, tun daga gindin bishiya har kusa da rumbu. Ba mai taka wurin, ko kaza kora ake yi. Don haka in yana son jifa, sai dai ya tsaya a bayan shanyar, jikin rumbu.

"In ya shiga, in zaga ta bayan danga in hau bishiya in ɗauko. In bai shiga ba, ya faɗa cikin citta ya watsa, Mama ya fito da muciya. Malam, na sha muciya. Da na gaji da sha, sai hannuna ya daina kuskure."

Na yi dariya har citta ta sarƙe ni. Shi bai yi ba, yana kallon rufin mota yana murmushi.

A Sabon Tasha muka tsaya cin abinci wurin wata mata 'yar Kagoro mai sayar da pate, wato fatenmu na tsaki da ganye. Koci ya ce kowa ya cika ciki, daga nan gaba ba mu san abin da za mu tarar ba. Yakubu, ƙaton ɗan Manchok da Koci yake ajiye wa a benci don ya canji Bulus, ya ɗauki wannan umarni da muhimmanci, sai da matar ta ce masa tukunya ta ƙare. Ku riƙe sunan Yakubu da cikinsa, za su dawo.

Da muka wuce Zariya na shiga cikin taswirar da nake zanawa. Ƙasa ta kwanta, itatuwa suka ja baya da juna. Kusa da Funtuwa taya ta fashe, muka sauke buhuna don a ɗaga mota, muka mayar, sai ga magariba ta riske mu a Katsina. Kawun Garba ya sauke mu a zaurensa, aka kawo tuwon dawa da miyar kuka da man shanu. Maƙwabta suka yi ta shigowa gaisuwa, amma kowa idonsa a kan Bulus, wanda aka haɗa wa tabarma biyu kuma ƙafarsa ta leƙa waje duk da haka. Wani dattijo ya saurari hirarmu ya ce wa Garba, "Waɗannan baƙin naka Hausarsu babu mace a ciki, kowa namiji ne, har uwarsu." Garba ya ce ai a Kafanchan haka muke zaune lafiya. Dattijon ya yi dariya ya aika aka kawo mana goro.

Washegari muka isa iyaka. Ta wajenmu a Jibiya aka duba takardu aka bar mu. Ta wajensu a Ɗan Isa muka tarar da jandarmomi biyu a ƙarƙashin bishiya, sun ɗaga kai suna kallon sandar tuta. Igiyar tutar ce ta maƙale a wani ƙugiya, sun kasa cirowa, wanda aka aika neman tsani kuma bai dawo ba. Babban ya zo ya leƙa motarmu, ya ga ƙafafu a kan buhuna, ya bi su da ido har ya kai ga fuska. Ya ce, cikin wata Hausa mai daɗi da ban taɓa jin irinta ba, "Wanga duka mutum guda ne?" Aka fito da Bulus, ya hau kan benci, ya miƙa hannu ya zare igiyar. Jandarman ya buga mana hatimi, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana ba mu hannu, ya ce Allah ya sa mu sha kashi da sauƙi.

Mun shiga Maraɗi da rana tsaka, muka tarar da gari a rufe. Kantuna a kulle, ofisoshi a kulle, tituna masu faɗi ba kowa sai awaki a inuwar dalbejiya. Na ce ko wani babba ne ya rasu. Direba ya ce barci suke, haka suke yi kullum, sai rana ta karya su fito. A Kafanchan in ka rufe shago da azahar ka kwanta, kafin la'asar an kai wa matarka gaisuwar rashin lafiya. Amma da na fito daga mota zafin ya rungume ni, na gane mutanen nan ba ragwaye ba ne, hankali ne da su.

Mai masaukinmu, surukin Alhaji, Mushe Isufu ake ce masa. Mushe shi ne malam a wurinsu, makaranta kuma lakwal. Siriri ne mai fararen tufafi, yana magana a hankali kamar kada ya tashi wani. Ya sauke mu a ɗakin kwanan ɗalibai, amma ya ce kada mu wahalar da kanmu, gadaje waje ake fitar da su, ba mai kwana a ɗaki a wannan wata. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ba da hannu. Yaro ɗan lakwal zai shigo ya bi mutum goma sha ya ba kowa hannu, ya fita ya ɗebo ruwa, ya dawo ya sake farawa daga farko. Burodinsu kuma dogo ne kamar sandar makiyayi, bayansa da tauri, cikinsa iska. Koci ya juya nasa ya ce wannan ai Bulus ne aka gasa.

Sai aka kawo fura a wata babbar ƙwarya, mai sanyi, ta sha nono da yaji. Mushe Isufu ya ce a yi a hankali, wanda bai saba ba takan gaishe shi. Yakubu ya ce shi ɗan Manchok ne, kunun tamba ya raine shi, ba abin da gero zai gaya masa. Ya ɗaga ludayi bai ajiye ba sai da ya ga gindin ƙwarya.

Da gari ya waye na buɗe ido na ga gadon Bulus ba kowa. Na bi ta bayan azuzuwa na same shi a filin wasa. Fili ne mai santsi, ba tsaga ko ɗaya, an zagaye shi da dalbejiya, ga farin layin nan ya lanƙwaso daga wannan gefe zuwa wancan. Bulus yana tsugune, ya ɗora tafin hannunsa a kan fentin, yana shafawa a hankali. Bai ɗauko ƙwallo ba, don Koci ya kulle ragar a ƙarƙashin gadonsa. Ya miƙe ya bi layin da ƙafa tun daga farkonsa har ƙarshe, ya juyo ya sake bi. Kurciyoyi suna ta kuka a kan rufin lakwal, iska ba ta fara zafi ba tukuna, na ji kamar mafarkin wani na shiga ba da izini ba, sai na koma.

An fara wasa da la'asar sakaliya, gari ya farka, fili ya cika har kan katanga. Kafin usur Koci ya tara mu ya ce, yana kallona ni musamman, "Duk wanda ya ba Dogo bol a waje, shi da benci har Kafanchan." Na ce to, Koci.

Dogonsu ba dogo ba ne kawai, ƙato ne, 'yan kallo suna kiransa Kamyo, wato babbar motar kaya. Rabin farko duk a kan Bulus ya ƙare. Kamyo ya jingina masa baya ya tura shi waje, ya sa masa gwiwar hannu a haƙarƙari, in ƙwallo ya dawo daga allo ya ɗauke abinsa kamar yana tsinkar gwanda. Ni kuma duk lokacin da na kutsa ciki sai in tarar da Kamyo a tsaye a ƙarƙashin kwando yana jirana, tunda wanda aka ce ya tsare yana nan kusa da shi. Aka tafi hutu sun ba mu rata mai yawa, leɓen Bulus ya fashe.

Al'adarsu a wasan zumunci, rabin farko da ƙwallon masu gida, rabi na biyu da na baƙi. Aka fito da namu, wanda ya yini biyu cikin buhunan citta. Ɗan wasansu na farko da ya taɓa shi ya shinshina hannunsa ya yi atishawa, fili ya ɗauki dariya. Ni da na riƙe shi na ji ƙamshin gida, na tuna alkawarina.

Na kawo ƙwallo, na ga Bulus ya sulale daga ƙarƙashin kwando ya fito ya sa yatsun ƙafarsa daidai bayan layin. Na miƙa masa. Ya jefa. Ƙwallon ya tashi, ya wuce zobe, ya daki saman allo da ƙara, ya dawo hannun Kamyo. 'Yan kallo suka yi ihu. Ban dubi benci ba. Da muka sake zuwa na sake ba shi, tunda wanda ya riga ya jiƙe ba ya gudun yayyafi a ranar. Wannan karon ma allo ya daka, har ya fi na farko ƙarfi. Kunya ta rufe ni, ba don kaina ba, don shi.

Koci ya nemi a tsaya. Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

"Malam Ishaya, kai mai ilimi ne, ka ji abin da na ce. Dogo, zauna. Ina Yakubu?"

Aka duba benci babu Yakubu. Garba ya nuna bayan azuzuwa da haɓa, ya ce tun hutu fura take gaishe shi, wannan zuwansa na nawa ne ma bai sani ba. Ba mu da wani dogo, ba mu da wani mai raba ƙwallo. Koci ya rufe ido ya ambaci sunan Ubangiji da harshen iyayensa.

Bulus yana tsaye yana kallon layin, kamar ba da shi ake ba. Sai ya ce, a hankali, "Koci, layin ya yi kusa."

"Me ka ce?"

"Ya yi kusa. Shanyan Mama ya fi haka faɗi."

Koci bai san zancen shanya ba, ya dube ni yana neman fassara, alƙalin wasa kuma ya busa. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Ƙarƙashin kwando, na ce."

Muka koma. Na tsallako da ƙwallo, na nemi Bulus a ƙarƙashin kwando ban gan shi ba, na nema a bakin layi ban gan shi ba. Can na hango shi a baya sosai, ya bar layin a gabansa, a wurin da ba mai tsaron kowa don ba mai hankalin da zai jefa daga nan. Yana tsaye ya ɗan karkata kafaɗa, kamar mai jingina da rumbu. Na ba shi.

Na sha ganin jifar nan a gida, amma ban taɓa ganinta da mutane ɗari-ɗari sun yi tsit ba. Ƙwallon ya hau sama har ya fita daga inuwar dalbejiya, rana ta kama shi ya yi ja, ya daɗe a can. Na ga Kamyo ya ɗaga kai baki buɗe. Na ga Mushe Isufu ya miƙe da fararen tufafinsa. Sannan raga ta yi motsi kaɗan, alƙalin wasa ya ɗaga hannu biyu sama. Bulus bai yi tsalle ba, bai yi ihu ba. Ya juyo ya dube ni da fasasshen leɓensa ya ce, "Malam, uku ne?" Na ce uku ne, Dogo. Hawaye suka cika mini ido, na goge da jesi na koma tsaro.

Ya sake yi daga wurin, ya kuma sake. Daga nan dole Kamyo ya bar ƙarƙashin kwando ya fito nemansa, ga shi da nauyi, fitowar ba ta yi masa daɗi ba. Da ya fita sai ƙofa ta buɗe. Ni da ban kai kafaɗar kowa ba na yi ta shiga ina ajiye ƙwallo a kwando kamar gidanmu, Garba ma haka. Amma kada in ɓoye muku ɗaya gefen, don Koci ba zai yafe mini ba. Duk jifar da ta kuskure, tamu ko ta Bulus, ba mai tsinto mana ita, dogonmu yana can nesa. Da haka suka riƙe mu. Aka busa tashi sun fi mu da kwando ɗaya tak.

Kamyo ya zo ya rungume Bulus har ya ɗaga shi daga ƙasa, aka sake bin layin ba da hannu tun daga farko. Mushe Isufu ya tambayi Koci a wace lakwal aka koya wa dogonsa wannan. Koci ya ce shi ma tambayar da zai yi ke nan in mun shiga mota.

Hanyar dawowa babu citta, albasa Alhaji ya loda, don haka ba a yi mafarki ba, gardama aka yi tun daga Ɗan Isa har Kachiya. Na ba Koci labarin shanya da muciya, ya saurara har ƙarshe. Da ya buɗe baki sai ya ce da Dogo ya tsaya inda aka ajiye shi, da ƙwallayen da suka dawo daga allo sun ishe mu cin wasa. Garba ya ce a rabin farko ai yana inda aka ajiye shi, me muka tsinta ban da fasasshen leɓe? Direba, wanda bai taɓa riƙe ƙwallo ba, ya ce a samo dogo biyu mana, ɗaya ciki ɗaya waje. Yakubu daga kan albasa ya ce ga shi nan ai, aka ce masa ya yi shiru ya ji da cikinsa. Ni ra'ayina, tunda ni ke rubutu, ƙungiya tana iya rayuwa ba dogo mai jifar nesa, mun rayu shekaru a haka. Amma in Allah ya ba ka shi, ka tura shi ƙarƙashin kwando a yi ta dukansa, kai ka yi asara. Bulus dai barci ya yi ta yi.

Ruwan farko ya sauka ba da jimawa ba, Bulus ya ɗaure akwatinsa a bayan mota ya tafi. Sati bai zagayo ba muka zo fili muka tarar da Koci a tsugune da gwangwanin farin fenti da igiya, yana jan layi a kan tsattsagaggen siminti. Ba wanda ya yi gigin tambayarsa. Da ya gama ya miƙe ya ce ba wai ya yarda ba ne, doka ce ta zamani. Layin yana nan har yau, mu gajeru muna gwada sa'a a bayansa, amma can wajen dalbejiya ba mai tsayawa.

Da Kirsimeti na hau keke na je Fadan Kagoma. Tun daga bakin danga ƙamshin ya tare ni. Citta a baje tun daga gindin mangwaro har jikin rumbu, ga tsohon kwandon kaba a reshe. Na auna faɗin shanyar da ido, na ga lallai layin Maraɗi wasan yara ne. Bulus ya yi baƙi, hannunsa ya yi kanta. Mama tana zaune a kan turmi a inuwa, idanunta sun yi fari, ta riƙe hannuna ta ce, "Kai ne malamin da ya kai mini yaro ƙasar Faransi?" Na ce ni ne, Mama. Ta ce mutane suna ta zuwa suna gaya mata abin da ya yi, ita ba ta gane ba.

"Bulus, ɗauko bol ɗin nan ka jefa in ji."

"Mama, akwai citta a ƙasa."

"Na san akwai. Ni na baza."

Ya shiga ɗaki ya fito da ƙwallo, ya je ya jingina kafaɗa da rumbu. Mama ta karkata kai tana saurare. Ƙwallon ya haye shanyar gaba ɗaya, ya faɗa cikin kwando, kaba ta yi ɗan ƙara, reshen ya sunkuya ya koma.

"Ya shiga," in ji ta. "Malam, a can wannan nawa ne?"

"Uku, Mama."

Ta jujjuya wani tsagin citta a hannunta.

"Duk shekarun nan uku-uku yake ci a gidana, ni kuma ina binsa da muciya." Ta juya fuskarta wajen rumbu. "Hau ka ɗauko, ɗana. Ka ƙara ɗaya."